Fetur ya riƙe wa duniya wuya: mu a fadamar Kabi me za mu zuba wa injin ban-ruwa?

Malamin Gona, Argungu:
Assalamu alaikum jama'a. Kafin a shiga haƙar tubwel (rijiyar bututu) na bana, ina so mu baje lissafin mai a faifai, domin da yawa muna zuba kuɗi a tankin inji ba tare da mun san jimillarsa ba. Shinkafar rani tana shan ruwa milimita 8 zuwa 10 a kullum, idan aka haɗa wanda rana ke ƙonewa da wanda ƙasa ke tsotsewa. A hekta ɗaya wannan ya kama lita 80,000 zuwa 100,000 a yini. Injin inci 3 da muke amfani da shi, a jikinsa an rubuta kusan lita 1,000 a minti, amma wannan sai in ruwan yana gab da bakinsa. Daga tubwel rabin haka yake bayarwa, a ce lita 30,000 a awa. Ke nan awa 3 kullum. Yana shan fetur lita 1.2 ko sama da haka a awa, a ce lita 4 a rana. Kwana 100 na ban-ruwa, lita 400. Inda ƙasa ke da yashi ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba, wato man hekta bai kai naira 80,000 ba. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da dama, man hekta ya koma naira 400,000. Ruwan bai canza ba, shinkafar ba ta canza ba. To masu sani su faɗa mana: gas, sola, ko me?

Mai Nazarin Makamashi:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin makanikai su shigo, bari in ɗan faɗaɗa, don kada a ɗauka matsalar Kebbi ce kaɗai. Duniya tana shan ɗanyen mai kimanin ganga miliyan 100 a kowace rana, ganga ɗaya kuma lita 159 ce. Fiye da rabin wannan yana tafiya ne a sufuri. An san haɗarin dogaro da shi tun 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana wa Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. Kowa ya zabura yana neman madadi. A 1986 farashin ya rushe, gwamnatoci suka janye kuɗin bincike, aka koma gidan jiya. Haka abin ke zagayawa: dala 147 a 2008, ƙasa da 30 a farkon 2016, sama da 120 a 2022 bayan yaƙin Rasha da Yukren. Mai zuba jari a madadin mai yana buƙatar shekara 10 ko 20 ya mayar da kuɗinsa, farashin mai kuma yana iya karyewa cikin wata 6 ya bar shi da kaya.

Dalili na biyu yana cikin man kansa. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa 12. Kilo ɗaya na batirin litiyam bai wuce 0.15 zuwa 0.25 ba. Gaskiya ne ƙaramin injin fetur kashi 20 zuwa 25 cikin 100 kawai yake mayarwa aiki, sauran zafi ne da hayaƙi, motar lantarki kuwa tana kaiwa kashi 85 zuwa 90. Duk da haka tazarar tana da faɗi. Shi ya sa jirgin sama da jirgin ruwa da tirela suka fi wahalar rabuwa da mai. Amma injin ban-ruwa ba ya tafiya ko'ina, kuma da rana yake aiki. Yana cikin abubuwa mafi sauƙin yayewa daga fetur a duk duniya.

Kawu Na Bunza:
Malam mai nazari, wanga bayani ya yi, amma ka bar abu guda. Fetur ana sayen shi lita 2, lita 3, gwargwadon abin da ke aljihu. Ko bashi ɗan bumburutu na ba ka har a yanke shinkafa. Sola kuwa sai ka aje kuɗin shekara 2 a rana guda. Manomin da anka ce ya canza, ba wai bai san lissafi ba ne, dunƙulallen kuɗi ne babu.

Mai Nazarin Makamashi:
Kawu, ka taɓo inda ke ciwo. Abin da ke hana manomin Bunza shi ne ke hana ƙasashe. An riga an gina matatu, bututu, tankoki da gidajen mai sama da shekara 100, kuɗinsu ya fita. Sabon abu sai an gina masa nasa daga tushe.

Bakanike, Jega:
Tunda maganar ƙaramin jari ake, bari in fara da gas na girki, shi ne mafi araha wajen juyawa. Injin da ke jikin yawancin famfunanmu samfurin Honda GX160 ne ko kwaikwayonsa na Sin, doki 5.5 zuwa 6.5. Abin da ake buƙata: kafireta mai hanya biyu wadda ke karɓar fetur da gas, regileta mai ƙaramin matsi irin ta girki a kan tukunya, tiyon gas na asali da bai gaza mita 2 zuwa 3 ba, da kilif na ƙarfe a kowane baki.

Ana rufe makullin fetur, a bar injin ya ci abin da ya rage a kafireta har ya mutu da kansa. A cire gidan iska, a kwance tsohuwar kafireta, a sa sabuwar da sabon gasket. Kada a maimaita tsohon gasket, iskar da za ta riƙa shiga ta gefe ita ke sa inji ya riƙa hawa da sauka. A mayar da sandar gwamna, wato mai daidaita gudun inji, da siririn sifirin ɗinta a ramin da suke. A haɗa tiyo, a buɗe tukunya, a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa. Inda ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana, kuma ba a ɗaure tiyon gas da robar taya. Sai a danna maɓallin da ke jikin kafiretar na daƙiƙa 1 ko 2, a ja igiya. Daidaita sukurun gas kuma sai inji yana jan ruwa, domin in ka daidaita shi babu nauyi, da ya kama ruwa zai shaƙe.

Lissafinsa: kilo 1 na gas yana daidai da kusan lita 1.4 na fetur. Tukunya mai kilo 12.5 ke nan kusan lita 17 ce, aikin awa 14 ko 15. Kowa ya duba kasuwar garinsu: in kuɗin kilo ɗaya bai kai kuɗin lita 1.4 ba, akwai riba. In ya kai, wahala kawai ka ƙara wa kanka. Lita 400 ɗin Malamin Gona za ta koma tukunya 23 a kaka ɗaya, a sa kuɗin dakon su zuwa fadama a lissafi.

Ɗan Suru:
Oga, ana cewa gas yana cinye inji, kuma ƙarfinsa ba ya kai na fetur. Mene ne gaskiyar?

Bakanike, Jega:
Ƙarfi yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100, ƙanena, saboda gas yana cin gurbin iska a cikin silinda. Maganar cinye inji kuwa rabi gaskiya ce. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar fetur, don haka bawul ɗin hayaƙi yana zafi, mazauninsa yana lotsawa a hankali, tazararsa ta rufe. Alamarsa inji ya ƙi tashi da safe ko ya rasa matsi. Maganinsa a riƙa auna tazara inji yana sanyi: 0.15 na milimita a bawul ɗin shiga, 0.20 a na hayaƙi. Fulogi kuma 0.7. A gefe guda, baƙin mai yana daɗewa bai yi dauɗa ba, fulogi ba ya tara baƙi. Amma kada hasken man ya ruɗe ka ka ƙi juye shi a kan lokaci.

Abu biyu ke kashe mutane, a kula. Na farko, tukunya tana yin raɓa har ƙanƙara idan ana janta awa da awa, musamman da asubahin hunturu, sai gas ya ƙi fita. Wasu sai su kwantar da ita ko su hura wuta kusa. Kwantarwa tana tura ruwan gas cikin regileta. Abin yi shi ne a tsayar da ita cikin bahon ruwa, ko a haɗa tukunya biyu. Na biyu, kuma wannan namu ne na 'yan fadama: idan ruwa ya ja baya a watan Maris muna haƙa rami mu sauke inji ciki. Gas na girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo cikin ramin zai kwanta. Tukunya ta zauna a sama, nesa da bakin rami da salansa, kuma kada yaro ya sauka da fitilar wuta ko taba.

Hajiya Mai Casa, Birnin Kebbi:
To shi CNG, wato gas ɗin ƙasa da ake matsawa a tukunya, da gwamnatin tarayya take ta shela tun 2023, ba ya shiga nan? An ce ya fi duka araha.

Bakanike, Jega:
Hajiya, arahar gaskiya ce inda akwai shi. Kubik mita ɗaya ta CNG tana kusa da lita ɗaya ta fetur a aiki. Amma ana matsa shi ne har bar 200 a ma'aunin matsi, gas na girki kuwa bai cika wuce 7 ko 8 ba. Tukunyarsa ƙarfe ne mai kauri wanda ba shi da walda, nauyinta ba na ɗorawa a babur zuwa gona ba ne. Kuma duk wanda ya kai tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa a zuba mata CNG, bam ya ɗauka. Abin da ya faru ke nan a wani gidan gas a Binin a 2024.

Mai Nazarin Makamashi:
In ƙara a kan haka, gas ɗin ƙasa bututu yake bi. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020 ya taso daga Ajakuta zuwa Abuja, Kaduna, Kano. Bai biyo ta Sakkwato ko Kebbi ba. Duk CNG da zai zo mana a tirela zai zo, tirelar kuma galibi dizal take sha. Ga motocin haya masu dogon zango zai yi amfani in gidajen sayarwa sun yawaita. Ga manomin Bagudo ko Augie, ba yanzu ba.

Injiniya Mai Sola:
Gas sauya ubangida ne kawai, farashinsa ma dala yake bi. Bari in kawo lissafin sola a kan hektar Malamin Gona. Lita 90,000 a rana, a ɗaga ta mita 10 idan an haɗa zurfin ruwa, tudun gona da gogayyar tiyo. Aikin ɗagawar kansa kilowat-awa 2.5 ne. Famfo da motarsa suna zubar da kusan rabi, ke nan ana buƙatar 5. Yankinmu yana samun cikakkiyar rana ta awa 5 da rabi zuwa 6. A cire kashi 30 cikin 100 na zafi, ƙura da waya. Ya kama kilowat 1.3. A takarda faranti 3 masu wat 550 sun isa, a gona a sa 4.

Me ya sa 4? Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. A watan Afrilu a Kebbi fuskar faranti tana kai digiri 65, kuma kowane digiri ɗaya yana rage kusan 0.35 cikin 100, ka ga kashi 14 ya tafi. Ƙurar hunturu ta ɗauki nata. A wanke da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, ba da tsakar rana ba, kada gilashi mai zafi ya tsage. A fuskantar da su kudu, a karkace kamar digiri 12 zuwa 15, a bar iska tana wucewa ta ƙasa.

Inda aka fi ƙona kaya shi ne kwantarola, na'urar da ke daidaita wutar faranti kafin ta shiga famfo. Kowane faranti irin wannan yana ba da kusan bolt 50 idan babu nauyi a kansa. In ka jera 4 a layi ɗaya, 200 ke nan, kuma da sanyin safiya yana ɗan haurawa. In kwantarolarka iyakarta 150 ce, ranar farko za ta tafi. A karanta lambar kafin a haɗa. In ba ta kai ba, a yi biyu-biyu. Waya kada ta gaza milimita 4, in nisa ya wuce mita 30 a sa 6. Inuwar reshe ɗaya a kan faranti ɗaya tana ja wa dukkan layin. Kuma kada a saya wa famfo batir. Batir ne mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa. Fangalin da ya cika da ruwa shi ne ajiyarka.

Kawu Na Bunza:
Injiniya, waɗanda sunka sa sola suna kukan ruwan ba ya da ƙarfi, kafin shi kai ƙarshen gona ƙasa ta shanye. Mi za ka ce?

Injiniya Mai Sola:
Kukan nasu daidai ne, Kawu, kuma masu sayarwa ba sa faɗa musu. Injin fetur yana zubo lita 30,000 a awa cikin awa 3. Sola tana ba da lita 90,000 ɗin nan ne a awa 6 ko 7, wato kusan 15,000 a awa, kuma da ƙarfe 8 na safe ko 5 na yamma ba ta kai haka. Ruwa mai tafiya a hankali cikin doguwar hanyar ƙasa yana ƙarewa a hanya. Dole tsarin ban-ruwan ya canza: a kai ruwa da tiyo har bakin fangali, a rage girman fangali, a daidaita ƙasa sosai, a riƙa shayar da gona kashi-kashi kullum maimakon a jira ta bushe a cika ta gaba ɗaya.

Sai zurfi. Duk famfon da ke zaune a sama, na fetur ko na sola, ba ya tsotso ruwa daga ƙasa da mita 7 zuwa 8, nauyin iska ne ya sa wannan iyaka, ba ƙarfin inji ba. In ruwan tubwel ɗinka yana sauka ƙasa da haka a bazara, sai famfo mai nutsewa, shi kuma yana son bututun rijiya na inci 4. Yawancin tubwel ɗinmu ba su kai haka faɗi ba. A san wannan kafin a haƙa. A tabbatar kwantarola tana da na'urar kashe famfo idan ruwa ya ƙare, kuma matatar ƙasan rijiya tana tare yashi, don yashi ke cinye fanka.

Hajiya Mai Casa, Birnin Kebbi:
Ku ƙara da sata da ambaliya. Inji ana ɗaukarsa a babur a kai gida da magariba. Faranti 4 masu tsawon sama da mita 2 ba haka ba ne, kuma fadamar Rima ruwa yana cinye ta da damina. Ko dai a yi musu kura mai taya, ko maƙwabta 3 ko 4 su haɗa a wuri ɗaya su ɗauki mai gadi. Ni a ganina nan ne kuɗin gwamnati ya kamata ya shiga. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamba 2015, an ba da iri, taki da injin fetur. Irin wannan bashi da za a biya da buhu a kaka 3 ko 4 shi ne zai warware abin da Kawu ya faɗa tun farko.

Ina da tambaya ta ɓangarenmu. Ɓuntun shinkafa yana nan tsibi-tsibi a bayan kowane injin casa, ana ƙona shi a banza. Ba ya zama wuta?

Injiniya Mai Sola:
Yana zama, Hajiya. Ɓuntu kusan kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shanshera. Ana turara shi a tukunyar ƙarfe da iska kaɗan, ya ba da gas mai ci, a tace, a ba janareta. Kilo 2 ko ƙasa da haka yana ba da kilowat-awa ɗaya, kuma a Indiya an daɗe ana yi. Matsalarsa kwalta: in ba a wanke gas ɗin an sanyaya shi sosai ba, tana manne bawul da fistin. Tokarsa ma tana da yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai an riƙa kwashewa. Yana son ma'aikaci tsayayye. Ga mai ƙaramin inji, abin da ya fi sauƙi shi ne murhun ɓuntu na turara shinkafa a maimakon itace.

Ɗan Suru:
Ina labarin man rogo da rake da aka ce za a yi a jihar nan?

Mai Nazarin Makamashi:
Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai tun 2007, da niyyar gauraya kashi 10 na itanol, man da ake tatsa daga tsirrai irin su rogo da rake, a fetur. A 2017 NNPC da gwamnatin Kebbi suka sa hannu a yarjejeniyar yin sa daga rogo da rake. Har yau ba shi muke sha a gidan mai ba. Ba sihiri ba ne, Birazil ta fara nata shirin a 1975, kuma fetur ɗinta yana ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na itanol. Amma ko can sai da aka yi tuntuɓe: a ƙarshen shekarun 1980 itanol ya yi ƙaranci, masu motocin da ba sa shan komai sai shi suka yi ta layi, mutane suka guje su. Sai a 2003 da aka fito da mota mai shan kowanne kasuwar ta dawo.

Lissafin gona: tan ɗaya na ɗanyen rogo yana ba da lita 150 ko ɗan sama, tan na rake 70 zuwa 80. Ƙarfin itanol kashi biyu cikin uku ne na fetur. Rogo kuma yana fara lalacewa kwana 2 zuwa 3 bayan tono, don haka masana'anta sai ta zauna kusa da gonaki, da hanya mai kyau da tsaro, abin da yankin Zuru da Danko-Wasagu ke fama da shi. Ga kuma mai garin kwaki yana neman rogon nan. Haka aka yi ta yayata bini-da-zugu wajen 2008 cewa zai ba da dizal a ƙasar da ba ta noma. Da aka shuka sai aka ga a busasshiyar ƙasa yana rayuwa amma ba ya 'ya'yan kirki.

Kuma kada mu ɗauka in an cire fetur daga famfo an rabu da rijiyar mai. Takin yuriya daga gas ɗin ƙasa ake yin sa, a Eleme da Lekki. Tiyo, bututun tubwel, buhu, duk daga mai suke. Tirelar da ke kai shinkafa Legas dizal take sha.

Malamin Gona, Argungu:
Na gode muku. Bari in ƙara wanda ba ya buƙatar sayen komai, domin mun fi ba shinkafa ruwa fiye da bukatarta. A yanki bututun roba mai faɗin inci 4, tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a fangali har ramukan su nutse, a kwashe ƙasar ciki. Daga mako 2 bayan dashe, a cika fangali santimita 5, a bar shi. Ba a sake tayar da inji sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa. Saman zai bushe har ya ɗan tsage, amma saiwa tana cikin danshi. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ce ta fito da hanyar, kuma tana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin ya ragu ba. A lita 400, ana maganar rage har kusan lita 120 ke nan.

Sharaɗi: daga mako ɗaya kafin fitar kai zuwa mako ɗaya bayan fure, ruwa ya zauna santimita 5 kullum. Wanda ya bari ta ji ƙishi a lokacin nan zai yanki ƙaiƙayi. In ciyawa ta yi yawa, a jinkirta farawa har a shawo kanta. A ƙasa mai yashi sosai kuma a riƙa leƙa bututun safe da yamma.

Ɗan Suru:
Oga Bakanike, tambaya ta ƙarshe. In na sa sola, in sayar da injin fetur ɗin?

Bakanike, Jega:
Kada ka sayar. Ranar da hazo ya rufe rana kwana 3 a jere shinkafa tana fure, ko ranar jiƙa gona kafin dashe da ake son ruwa mai yawa lokaci ɗaya, shi za ka nema. Sai dai in za ka ajiye shi, ka zubar da fetur ɗin da ke kofin kafireta ta sukurun ƙasa, don in ya kwana biyu yana daskarewa ya toshe jet. Ka buɗe magudanar gidan famfo ruwan ya fita, ka cire fulogi ka ɗiga baƙin mai cokali ɗaya a silinda, ka ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, ka bar shi a nan, bawul biyun a rufe suke. Duk wata ka tayar da shi minti 10, amma ka cika gidan famfon da ruwa tukuna, in ba haka ba sil ɗin zai ƙone.